Abin da ke Shan Batirin Motar Inna

Shekarar da ciwon numfashin Inna ya fara kwantar da ita, yayana ya zo ganin gida daga Kudu da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, ruwan toka, ya kafe ta a ƙofar gidanmu a Gafasa. Ya kira ni zaure ya danƙa mini makulli, ya ce, "Wannan ta Inna ce. Ba ta cin kasuwa ba ce, ba ta kai amarya ba ce. Duk ranar da numfashinta ya sarƙe, ka sa ta a ciki ka kai ta asibiti Gaya. Iyakar abin da na roƙe ka ke nan."

Na ce masa to, kuma har cikin zuciyata na faɗa. Ni ne ƙarami, ni nake zaune a gida ina koyarwa a firamare, shi yana can yana aiko da abin da ya sawwaƙa. Wannan makullin shi ne rabon da ya faɗo mini na hidimar uwarmu, na kuwa riƙe shi da zafin da ya wuce kima. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidanmu ya san haka, ba sai na ɓoye ba.

Na kafa mata rumfar kara a gefen zaure, na sayo tamfol na lulluɓe ta har ƙasa. Makullin na rataye shi a ƙusa bayan ƙofar ɗakina. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai na ɗage tamfol ta wajen direba, in shiga in tayar da ita, in bar ta tana gurnani kamar minti biyar, sannan in kashe. Ɗumama mota ke nan, kuma haka na ga duk mai mota yana yi tun ina yaro. Inna tana daga tsakar gida a kan tabarmarta takan ɗaga murya ta ce, "Malam, an gaisa da mutuniyar? Ta kwana lafiya?" Malam take ce mini don tsokana, tun ranar da na fara koyarwa. A wata huɗun farko sau biyu kacal motar ta taka titi, duka biyun kuma ganin likita ne na ƙa'ida, muka je muka dawo lafiya.

Da damina ta kankama sai motar ta fara wani hali. Akwai ƙararrawar ɓarayi a jikinta, irin wadda ake kashewa da rimot. Wata rana ana tsakiyar sallar azahar sai ta ɓarke da ihu, ba wanda ya je kusa da ita. Awaki suka watse, liman ya gajarta sallah, ni kuwa na fito da gudu takalmi a hannu. Bayan kwana biyu ta sake, da la'asar, lokacin da iskar hadari ta taso. Dattawan ƙofar masallaci suka samu abin hira. Wani ya ce tsamiyar da ke bayan rumfar ba za ta rasa masu ita ba, a nemo malami ya yi tofi. Na ce masa motar daga Turai ta fito, aljanun Gafasa ba su san kanta ba. Aka yi dariya, amma ni raina a jagule yake.

Sati bai cika ba na murɗa makulli da asuba na ji ƙyas-ƙyas, sai shiru. Na kwance batir na ɗaure a bayan babur na kai Ajingi aka yi masa caji. Ya yi kwana shida ya sake mutuwa. Na sake kaiwa. A karo na uku mai cajin ya ce batirin ne ya tsufa, na sanar da Yaya, aka sayi sabo dal. Sabon ma bai rufa kwana goma ba.

A nan ne na fara zargi. Na lura ɗaurin igiyar tamfol ta baya ba irin nawa ba ne, ƙulli ne irin na mata, wanda ake yi wa bakin buhun gari. Na kuma tuna sau biyu ina dawowa daga makaranta in tarar da makullin a rataye ta wata fuskar daban. Lokacin wutar lantarki ta daɗe rabonta da unguwarmu, kowa yana neman inda zai yi cajin waya. Ban tsaya wani tunani ba na yanke hukunci. Na shiga ɗaki na sami matata tana tankaɗe, na hau ta da faɗa, na ce ta mayar da motar asibitin Inna wurin cajin wayar matan unguwa.

Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa jona waya a motar nan ba."

Na ce, "To kin taɓa makullin nan ko ba ki taɓa ba?"

Ta sunkuyar da kai, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Daga ranar makullin ya koma aljihuna, da shi nake zuwa makaranta, da shi nake zuwa gona. Batirin ya ci gaba da mutuwa kamar yadda ya saba. Da mai hankali ne da wannan ya ishe shi ya gane matar ba ta da hannu, amma ni sai na ce ai ta riga ta lalata wani abu a ciki.

Wata Asabar a ƙarshen damina, da asuba na ɗumama motar, ta tashi amma da ƙyar, kamar wanda aka tasa daga barci mai nauyi. Na ce gobe in Allah ya kai mu zan kai batir caji. Da hantsi ina gyaran dangar awaki sai na ji matata tana ƙwala mini kira da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Inna na zaune ta dafe ƙasa da hannu biyu, bakinta a buɗe, numfashin yana fita da ƙara kamar ana busa kara. Muka ɗauko ta muka sa a bayan mota. Na murɗa makulli. Ƙyas-ƙyas. Na sake murɗawa, ko ƙyas ɗin ma babu.

Maƙwabta suka taru suka ce a tura. Motar otomatik ce, turi ba ya tayar da ita, na faɗa musu sau uku suna ta naɗe hannun riga. Ƙarshe dai a babur muka ɗora Inna, maƙwabcinmu yana tuƙi, ita a tsakiya, ni a baya na rungume ta. Kafin mu tashi na waiwaya na ga matata tsaye a bakin zaure da mayafin Inna a hannu, sai na ce mata, a gaban maza da mata, "In ta mutu a hanya, ki sani da hannunki a ciki."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni. Ban san daga ina ta fito ba, amma daga bakina ta fita, kuma kowa ya ji.

Hanyar duk taɓo ce. Ƙafafun Inna suna ja a ƙasa in mun shiga rami, takalminta ɗaya ya faɗi ban ma sani ba sai a Gaya. Kanta yana kan kafaɗar mai tuƙi, ni kuma ina jin haƙarƙarinta a hannuna suna buɗewa da ƙyar suna rufewa. Allah ya sa da sauran kwana. Aka ba ta gado, ta yi kwana uku. Yaya ya kira da yamma, na ba shi labari, bai yi mini faɗa ba. Sai kawai ya ce, "Ina motar?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A cikin kwanakin jinyar ne aka kwatanta mini wani tsohon rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, da ke da 'yar rumfa kusa da tasha a Gaya. Na same shi zaune a kan tsohuwar kujerar mota yana kankare waya da reza. Na ce masa zan samo batir in kawo motar. Ya ce kada in kawo. "Motar da ke mutuwa a kwance, a inda take kwance nake duba ta. In ka tuƙo ta nan za ta cika cikinta a hanya, ta zo ta yi mana ƙarya. Ka yi cajin batirin ka mayar, kada ka taɓa komai, kada ka share komai. Ina zuwa Lahadi."

Ya zo a kan babur ɗinsa da hantsi, kayan aikinsa duka a cikin jakar buhu ɗaya. Kafin ya taɓa motar sai da ya tambaye ni yadda nake kula da ita. Na ba shi labarin ɗumamawar asuba ina ɗan alfahari. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Malam, kai ma kana cikin masu kashe ta. Duk tayarwa ɗaya tana ɗiban wuta mai yawa. Minti biyar a tsaye ba ya mayar da ita. Kana ɗiban tulu a randa kana mayar da moɗa, kullum ta Allah. Amma wannan kaɗai ba zai kashe sabon batir a kwana goma ba. Akwai wani mai sha a ɓoye."

Ya buɗe bonet ya kwance baƙar wayar batir, ya fito da wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu ya haɗa shi tsakanin kan batirin da wayar da ya cire, yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikinsa. Ya buɗe ƙofar direba don ya kai ga akwatin fis, sannan ya karyo guntun kara daga rumfar ya tokare ɗan maɓallin jikin ƙofar, don motar ta ɗauka ƙofar a rufe take. Ya ce mu jira ta yi barci, wai motocin yanzu ba sa yin shiru nan take. Muka zauna a inuwa kamar kwatan awa. Da muka koma ƙwan yana nan yana ci, ja-ja, alhali makulli yana hannuna.

"Ka gan shi nan," in ji shi. "Tsaya a nan ka sa masa ido. Zan riƙa zare fis ɗaya-ɗaya. In ya dushe ka yi magana."

Ya fara da na ƙararrawa, don ita na fi zargi bayan matata. Ƙwan bai ko motsa ba. Ya zare na rediyo, ya zare na wurin cajin waya. A wannan na ƙura ido sosai, ina so ya dushe don in samu hujja. Ko gezau. Ya ci gaba, yana zarewa yana mayarwa, ba ya gaggawa, har ya kai kan wani ɗan ƙarami. Ƙwan ya mutu murus.

Ya ce wannan fis ɗin na fitilun ciki ne. Muka leƙa rufin motar, fitilar a kashe take. Ya ce to saura wadda ido ba ya gani. Ya mayar da wayar batir ya ɗaure, ya wanke hannu, ya ce mu je mu yi azahar tukuna, yana so ya ba abin lokaci.

Da muka dawo ya zagaya baya ya kwance tamfol. Ya sa yatsa a bakin murfin but, wato wurin zuba kaya na bayan mota, ya danna, murfin ya ɗan nutsa ya dawo. Ya kama, amma bai zauna ba. Ya ce in buɗe. Ina buɗewa ya kai hannu da sauri ya taɓa 'yar fitilar da ke saman but ɗin, ya janye yana yarfe yatsu.

"Da yanzu ta kama da sanyi zan ji ta. Wannan ta kwana ta wuni tana ci. Ƙararrawar ma gaskiya take faɗa muku, in iska ko zafin rana ya motsa murfin sai ta yi ihu cewa akwai ƙofar da ba ta rufu ba. Ku kuma kuna neman mai tofi."

Ni ba shi nake saurare ba. A bakin but ɗin, daidai inda murfin ke sauka, akwai wata kwalla mai zanen furanni, an ɗora mata naɗaɗɗen tsohon zani a ka. Na san kwallar, tun ina yaro take saman gadon Inna. Zuciya ta ɗebe ni, na ce wato har rumbu aka mayar da motar, na fizge zanin na ɗaga murfi. Ƙamshin kafur ya bugo ni. Farin alawayyo ne a ninke, sabo, da kwalbar turare a gefe, da sabulu, da zare da allura a soke a jikin wani ƙyalle.

Tsohon ya leƙo sau ɗaya, ya ja da baya. A hankali ya ce, "Rufe, Malam." Ya tafi gaban motar ya kama tattara kayansa, ya ba ni baya.

Na rufe kwallar na shiga cikin gida. Inna tana kishingiɗe a inuwar ɗakinta, matata tana dama mata kunu. Na durƙusa na ce, "Inna, na ga kwalla."

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "To ka gani. Gara ce ta shiga adakata da farkon ruwan nan, ta cinye mini zani biyu, saura kaɗan ta kai ga likkafanina. Na yayyafa masa Zamzam, ba zan bar wa gara ba. Na duba gidan nan kaf ban ga inda gara da ɓera ba sa shiga ba sai motar. Kuma ai ita za ta kai ni Gaya. In na je ban dawo da ƙafata ba, kayana suna tare da ni, ba sai an tashi wani yana zagaya kasuwa neman yadi ba, mutane suna zaune suna jira."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai? Da ba ka son a yi maganar mutuwa, kamar in an yi shiru za ta fasa zuwa? Da ka ɗauke shi ka ɓoye, ka yi kwana uku kana kumbure-kumbure. Matarka na sa ta kai mini, ita take fito mini da shi ya sha iska in ka tafi makaranta, na kuma ce kada ta faɗa."

Na dubi matata. Idonta yana kan ƙwaryar kunu. Ta ce, "Inna suka ce kada in faɗa, Malam." Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara ba a ranar, ba ta ƙara ba har yau.

Na so in ɓoye wa Inna cewa kwallar ce ta tokare murfin, amma ta tsare ni da tambaya sai da na faɗa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ashe saura kaɗan kayan tafiyar su tafi da ni tun ban shirya ba." Ta yi 'yar dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa sai ta daina dariyar, ta ce an gaya mata abin da na faɗa a ƙofar gida ranar Asabar. "A gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka janye." Washegari bayan la'asar na tsaya a bakin zauren nan na janye, da bakina, maƙwabta suna ji. Matata ta ce ta yafe. Na yarda ta yafe, amma makullin ya ci gaba da zama a aljihuna, wannan karon don kunya, na rasa yadda zan mayar da shi kan ƙusa kamar ba abin da ya faru.

Kwallar ba ta bar motar ba, Inna ta ƙi ƙememe. Tsohon rewaya ya tura ta can ƙurya bayan kujera inda but ɗin ya fi zurfi, ya tokare ta da tsumma, ya gyara ɗan maɓallin murfin. Da zai hau babur ya ce in daina ɗumamawar asuba. "Ba ɗumi take so ba, tafiya take so. Sau ɗaya a sati ka hau titi da ita, ka yi nisa, ka dawo."

Na rasa ina zan riƙa zuwa da motar da aka ce ba ta yawo ba ce. Inna ce ta warware. Ta ce tunda motar tata ce, kuma dole sai an fita da ita, a riƙa kai ta Kademi wurin ƙanwarta, da rabon da su ga juna tun kafin ciwon ya tsananta. Haka aka yi. Kowace Asabar da hantsi sai ta yi wanka ta shafa turare ta shiga baya ta hakimce, matata a gefenta da gorar ruwa da magani. Tun daga yankan gero muka fara, muka ga an cire gyaɗa, an roro wake, gonaki suka koma fili. Duk gonar da muka wuce sai ta yi mata sharhi. Wannan rago ne, wancan ya yi sammakon shuka, wancan kuwa gonar kakanta ce kafin a sayar. In na taka da sauri ta ce, "Malam, ba asibiti za mu ba yau." A Kademi su biyun sukan zauna a tabarma ɗaya su yi ta hirar mutanen da duk sun mutu, suna dariya har da hawaye. Wata bakwai muka yi a haka, kuma ban taɓa zama da uwata na ji hirarta kamar a watannin nan ba. Batirin bai sake mutuwa ba, ƙararrawar ma ta yi shiru.

Ranar ta zo da bazara, ana jiran ruwan fari, wata Talata da safe ina shirin tafiya makaranta. Numfashin Inna ya sarƙe. Muka sa ta a baya, matata ta rungume ta. Na shiga mota na sa makulli. Na murɗa sau ɗaya ta tashi. Mun isa Gaya da wuri, likitoci sun yi iya yinsu, ba wanda zai ce an makara. Bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Na kira Yaya na gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce, "A motar kuka kai ta?" Na ce a motar. Ya ce, "Alhamdulillahi."

A motar muka dawo da ita Gafasa. Kafin mu iso ƙofar gida ta cika. Aka shiga da ita, mata suka ɗora ruwa. Ina zaune a zaure ban san me ake ce mini ba, sai na ji baffanmu yana cewa a yi maza a tashi mai babur ya je Ajingi ya yanko alawayyo kafin rana ta yi sanyi.

Matata ce ta leƙo daga bakin ƙofar cikin gida, idanunta sun kumbura. Ta rusuna ta ce, "Baffa, ba sai an je ba."

Sannan ta juyo gare ni ta miƙo hannu. Na laluba aljihu na ciro makullin na sa mata a tafin hannu, a gaban mutanen nan duka. Ta zagaya bayan motar ta buɗe but, ta sunkuya ta jawo kwallar daga ƙurya, ta goge ƙurar murfin da gefen mayafinta. Ta rufe but ɗin, ta danna shi da hannu don ta tabbata ya zauna, sannan ta ɗora kwallar a ka ta shiga gida.